Efo riro: me ya sa tawa take tsinkewa?

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum matan gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah taimako nake nema wajen waɗanda suka iya miyar ganyen nan ta Yarbawa, efo riro. Maigidana a Ibadan ya yi hidimar ƙasa to tun daga nan miyar ta shiga ransa, ko biki muka je in dai akwai ta ba ya kallon komai. Ni kuma in na yi sai ta tsinke, ruwa ya kwanta a ƙasan tukunya ganyen ya yi baƙi ya yi laushi tiɓis, ɗanɗano kam ba laifi amma da ya gani sai ya ce ai wannan miyar alayyahu ce. Ga yadda nake yi, ina markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a blanda, in soya da man gyaɗa da ɗan manja, in zuba ruwan nama, in ya tafasa in zuba alayyahu in rufe ya dahu. A ina matsalar take dan Allah?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Nima ina nan ina jira, matsalarmu ɗaya wlh.

'Yar Sabo:
Amarya ai ke da kanki kin lissafo su. Tumatir, markaɗe a blanda da ruwa, ruwan nama mai yawa, sannan kika rufe tukunya. Duka huɗun ruwa suke kawo miki, ita kuwa miyar nan ba abin da ta tsana irin ruwa. Ni a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haife ni, can na girma, kuma a hannun maƙwabtanmu Yarbawa na koya ba a waya ba.

Ki fara da cire tumatir gaba ɗaya. Tattasai ja manya kamar shida, attaruhu biyu ko uku gwargwadon yadda kuke cin yaji, albasa ɗaya babba. Ki cire 'ya'yan tattasan tas dan su ne suke sa ɗaci, sai ki jajjaga a turmi, in blanda za ki sa to ki dinga dannawa kina saki kar ya yi laushi, ana so a dinga ganin ɓarzon tattasan a cikin miya. Ki juye a tukunya ba mai ba komai ki barshi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙafe ya yi kauri. A wata tukunyar ki sa manja ludayi ɗaya da rabi, manja zalla banda man gyaɗa, ya yi zafi kawai kar ki bari ya yi hayaƙi, ki zuba wata albasar yankakkiya da iru cokali biyu su ɗan soyu tare, nan ne ƙamshin yake tashi har maƙwabta su san me kike yi. Sai ki juye tattasan nan ki yi ta soyawa a wuta matsakaiciya minti goma sha biyar zuwa ashirin har mai ya taso sama. Ki zuba dafaffen namanki da ganda da shaki wato tumbi, kirefish dakakke, dunƙule, ruwan nama kuma ɗan kaɗan wanda bai wuce rabin kofi ba, su haɗe jikinsu. Kifi banda a ƙarshe dan kar ya dagargaje. Ganye shi ne na ƙarshen ƙarshe, ki zuba ki juya sosai, minti uku zuwa biyar ki sauke, kuma ko kin sauke kar ki rufe sai ta sha iska.

Amaryar Bara:
Kai Anti na gode Allah ya saka da alheri. Amma minti uku ganyen zai dahu kuwa? Ba zai yi gafi ba?

'Yar Sabo:
Zai dahu, dama kin riga kin zuba masa ruwan zafi kafin nan, kuma zafin tukunya yana ci gaba da dafa shi bayan kin sauke. Na manta ban faɗi wannan ba. In kin tsinke ganyen kin wanke shi sosai ruwa uku ko huɗu saboda ƙasa, ki yanka, ki zuba masa tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa biyu, ki tace a kwando, nan take ki sheƙa masa ruwan sanyi, sai ki dinga ɗiba kina matsewa da hannu biyu har ya zama curi-curi ba ya ɗigar ruwa. Kuma ki sayi ganye da yawa, ɗauri huɗu manya in an matse za ki ga ba shi da wani yawa.

Hajiya Babba:
Ni dai ban yarda da zancen cire tumatir ba. Shekara da shekaru ina yin miyar nan da tumatir biyu uku kuma kowa ya ci sai ya nemi ƙari. Tattasai zalla ai sai ta yi wani bauri-bauri, ga tsada, yanzu wa zai iya sayen tattasai cikin kwano dan miya ɗaya. Ɗiyata ki sa tumatirinki kawai ki soya shi da kyau.

'Yar Sabo:
Hajiya da girmanki, ban ce miyarki ba daɗi ba, na san za ta yi daɗi. Amma ita amarya ba miya mai daɗi kawai ta tambaya ba, wadda mijinta ya ci a Ibadan take nema, kuma wadda ya ci ɗin nan na tabbata babu tumatir. Tumatir tsami yake kawowa, tsamin nan kuma shi yake danne ƙamshin iru, ga shi yana dusar da koren ganye. Yanzu in wata ta zuba agushi a miyar kuka ta kawo miki ta ce ga miyar kuka ai ba za ki karɓa ba ko da ta yi daɗi. Abincin mutane in za a yi a yi shi yadda masu shi suke yi.

Hajiya Babba:
To ai girki ba aya ba ce da za a ce ba a canzawa. Su kansu Yarbawan na ga masu sawa da idona.

Anti Agege:
Gaskiya Hajiya ba ta yi ƙarya ba, nan Legas akwai masu jefa tumatir ɗaya ko biyu musamman in attaruhun ya cika zafi ko tattasai ya yi tsada. Amma ki je buka ki ga wadda ake layi a kanta, za ki ganta ja wur ta kama jikinta, manja yana ƙyalli a gefe, in aka ɗebo a cokali ba abin da yake zuba. Wannan kam ba tumatir. Ni abin da nake yi in ina son rage yaji sai in ƙara albasa, ita ma tana kawo zaƙi.

Maman Biyu:
Dan Allah menene iru kuma? Ni a Gusau nake ina zan samo shi?

Anti Agege:
Daddawarsu ce, daga kalwar ɗorawa ake yi kamar tamu. Bambancin ita tasu ba a dakawa a yi mata faifai a shanya, ɗanya ake sayar da ita da danshinta a ƙulle a ganye ko leda, da ɗan gishiri. Kala biyu ce, akwai iru woro mai ƙwaya-ƙwaya ita ake sa wa efo, akwai iru pete wadda ta narke ita kuma ta fi shiga ewedu, wato miyar lalo. Ki je wajen matan Yarbawa ko Inyamurai masu sayar da kirefish da agushi a babbar kasuwa ba za ki rasa ba. In kin sayo ki ɗan ɗauraye sama-sama saboda tsakuwa, kar ki wanke ta da yawa ki zubar da daɗin.

Maman Biyu:
To in ban samu ba in sa daddawarmu?

'Yar Sabo:
Ki sa amma ki rage, tamu ta fi ƙarfi da yake ta bushe, kuma in ta yi yawa miyar baƙi take yi ta koma ƙamshin miyar kuka. Kar ki daka ta lukui, ki farfasa ta ki jiƙa a ɗan ruwan ɗumi ta yi laushi sai ki soya da albasar. In kina samun kalwar da ba a daka ba irin ta kasuwar ƙauye ita ta fi kusa. Banda daddawar batso dan Allah, wannan wata hanya ce daban.

Bayarabiyar Kano:
Salamu alaikum, tun ɗazu nake karantawa ina jin daɗi yadda kuke son miyarmu. Ni Bayarabiya ce, a Sabon Gari aka haife ni, iyayena 'yan Ogbomosho ne. 'Yar Sabo wlh kamar a gidanmu kika koya. Hajiya Babba ke ma Mama ba ki faɗi ba daidai ba, akwai gidajen da suke sawa, ƙanwar babana ma tana sa ɗaya. Amma kakata ko kusa, a kan dutsen niƙa take markaɗa tattasanta kuma in ta ga tumatir a kusa da tukunyar efo ranar sai an ji faɗa.

Abin da nake so in ƙara shi ne maganar ganye, dan ban ga an taɓa shi sosai ba. Ganye biyu muka fi yi da su, tete da shoko. Tete shi ne alayyahun nan naku, ba wani bambanci. Shoko kuma ganyensa ya fi tsawo da kauri, wani har da ɗan ja-ja a jiki, yana da ɗan ɗaci shi ya sa dole a zuba masa ruwan zafi, za ki ga ruwan da ya fita ya yi duhu. Shoko ya fi jure wuta, ba ya saurin narkewa, a wajen mutane da yawa shi ne asalin na efo riro. Tete kuwa laushi gare shi, in matashi ne ni ko ruwan zafi ba na zuba masa, gishiri nake barbaɗawa bayan na yanka in ɗan murza a hankali in barshi minti kaɗan, ruwan zai fito da kansa sai in ɗauraye in matse. Amarya tunda alayyahu kike samu ki gwada duka biyun ki ga wanda ya fi miki. Kuma ki duba alayyahun da za ki saya, wanda ya fara fure ya tsufa, kara ne kawai da zare.

Amaryar Bara:
Masha Allah ga masu abin da kansu sun zo. Anti a Kano a ina ake samun shokon?

Bayarabiyar Kano:
Kasuwar Sabon Gari ɓangaren masu ugu da shuwaka, ki je da safe kafin rana ta buge shi. Ki ce shoko kawai sun sani. Yankaba kuma alayyahu ne da tattasai za ki samu da sauƙi.

Malamar Asibiti:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo. Zuba ruwan zafin nan yana da amfani yana da asara. Alayyahu yana da wani sinadari oksalet wanda ba a so ya yi yawa ga masu fama da tsakuwar ƙoda, ruwan zafi yana rage shi. Amma kuma bitamin C da folet suna bin ruwan da kika zubar, shi ya sa in an daɗe ana tafasawa an yi asara. Minti ɗayan nan ya isa. Abin da nake roƙo shi ne a bar sa kanwa, na san da yawa muna jefawa dan ganye ya tsaya kore, to koren kam zai tsaya amma tana kashe bitamin kuma ita ce take sa ganyen ya yi santsi ya narke.

Hajiya Babba:
Iyayenmu da kanwa suka yi girki har suka tsufa lafiya lau.

Malamar Asibiti:
Haka ne Hajiya, ban ce guba ba ce, a wake ko kuɓewa tana da aikinta. A nan ne ba ta da aiki, ruwan sanyin da aka sheƙa bayan ruwan zafi shi yake tsayar da koren.

Autar Mama:
Ni fa abin da ya hana ni son abincin Yarbawa kenan, komai manja komai yaji, ludayi ɗaya da rabi fa aka ce haba. Ba za a iya yi da man gyaɗa ba?

Anti Agege:
Auta kin taɓa cin wadda aka yi da kyau kuwa? Ganye ɗauri huɗu ne zai shanye man nan, ba miyar mutum ɗaya ba ce ta gida guda ce. Kuma mu ɗin da muke kwarara mai a shinkafa da wake da masa da alkubus ba ma cewa komai sai a na wasu. Yaji kuwa a hannunki yake, attaruhu ɗaya ma ya isa in ba kya so, tattasai ai ba ya da zafi.

Bayarabiyar Kano:
Ƙanwata za ki iya da man gyaɗa, masu yi suna yi musamman in da shinkafa za a ci, amma ɗanɗanon ba zai zo ɗaya ba gaskiya. Manja da iru da kirefish su ukun nan su ne miyar. Nama ma ba dole ba ne. Akwai wadda ake cika ta da kaya, nama, shaki, ganda, ƙafar sa, busasshen kifin panla, kifi banda, manyan jatan lande, muna ce mata elemi meje, ta biki ce ko ranar da aljihu ya yi nauyi. Amma wadda muka tashi da ita a gida kifi banda ne guda biyu da ganda, wani lokacin gandar ma babu, kuma wlh har yau ita nake marmari. Kar wata ta ga hotuna a Instagram ta ɗauka sai mai kuɗi ne zai ci efo.

Malamar Asibiti:
Kuma jan manja nan ba banza ba ne, daga shi jiki yake samun bitamin A. In aka barshi a wuta ya yi hayaƙi har ya yi fari to an ƙone wannan ɗin. Mai hawan jini ko matsalar zuciya ya rage mai da dunƙule, iru da kirefish suna rufe gurbin dunƙulen sosai.

Hajiya Kumasi:
Sannunku da hira. Mu nan zango muna yin irinta da alefu, shi ne alayyahu, wani lokaci da kontomire ganyen gwaza, da dawadawa. Ina so in ja kunne kan manja, ba kowane ja ne na Allah ba. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta nan Gana ta gano manja da aka zuba wa rini a kasuwanni, Sudan 4 ake kiran rinin, mutane suka tsorata da sayen manja a lokacin. Ki sayi wajen wanda kika sani, in kin ga ja ya wuce misali kuma ya kama hannu ya ƙi fita ki bar shi.

Anti Agege:
Nan ma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka, har da ganda, akwai fatun da na masana'anta ne an sa musu magani ake karkatar da su kasuwa. Ganda in ta cika kauri ba dalili ko tana wani wari kamar na magani ko na taya kar a saya. Ni busasshiya nake saya in jiƙa da kaina in kankare in tafasa in zubar da ruwan farko.

Mai Tattasai Mil 12:
Assalamu alaikum Hajiyoyi, a yi haƙuri namiji ya shigo zancen mata, sana'ata ce aka taɓo. Ni tattasai da attaruhu nake saukewa a nan kasuwar Mil 12 ta Legas, kuma yawancin masu sayen kayana matan Yarbawa ne masu buka. Kayan nan daga wajenmu yake zuwa, Kano, Kaduna, Jigawa, Katsina, Filato, wato ku da kuke arewa kun ma fi su samun mai kyau. Hajiya Babba ta yi maganar tsada, gaskiya ne da damina kaya yana wuya kuma na damina ruwa ne da shi. Abin da nake gani matan nan suna yi in kaya ya hau, sai su haɗa da shambo, yana ba da ja sosai kuma ba ruwa a jikinsa, sai dai a rage attaruhu tunda shi ma yana da ɗan zafi. Wasu kuma busasshen tattasai suke saya su jiƙa a ruwan zafi ya kumbura su cire 'ya'yan su haɗa da ɗanye rabi da rabi. Sannan wannan ƙaton jan tattasan mai kama da ƙwallo da ake sayarwa a manyan kantuna, kyau ne da shi a ido amma ruwa ne da zaƙi, dogon nan namu na gida ya fi shi a miya.

Hajiya Babba:
Yauwa Malam Allah ya yi albarka, wannan shawarar ta busasshen tattasai ita ce ta talaka. Amma dai tumatir ɗina guda biyu suna nan.

'Yar Sabo:
Hajiya ai shikenan, tukunyarki ce. Ni dai amarya nake roƙo ta fara yin ta asali ko sau ɗaya ta ji yadda take, in ya so daga baya ta ƙara abin da take so. Mutanen nan muna zaune da su tun kakanni, Sabo tun 1916 take, su ma ga su nan a Ayagi cikin birnin Kano tun kafin zuwan Turawa, sun iya tuwonmu sun iya masa, maƙwabciyarmu har dambu take yi kuma ba ta taɓa cewa bari in gyara muku shi ba, yadda aka koya mata haka take yi. Shi ya sa abin yake min ciwo in an ɗauki miyarsu an mayar da ita wani abu kuma ana kiranta da sunan.

Autar Mama:
Ni tambayata dodon koɗi, na ga suna sawa a bidiyo, dole ne? Kuma ya halatta ma?

Bayarabiyar Kano:
Ba dole ba ne ko kaɗan, gidanmu ba ma sawa. Masu so ne suke sawa.

Admin:
Hukuncin ci ko rashin ci a kai wa malamai dan Allah, nan girki muke. A ci gaba.

Amaryar Bara:
To da me aka fi cinta? Ni da tuwon shinkafa nake haɗa masa.

Anti Agege:
Sakwara ce ta ɗaya a wajena, sai amala, sai teba. Da farar shinkafa ma ba a magana, ki soya ayaba a gefe. Tuwon shinkafa yana tafiya amma ki yi shi da ɗan laushi tunda miyar ba ta da romo, in ya yi tauri sai ya tsaya a wuya.

'Yar Sabo:
Tunda Ibadan ya zauna ki nemo garin amala, elubo na doya mai duhun nan ba farin na rogo ba. Ruwa ya tafasa ki rage wuta ki zuba gari ki tuƙa da sauri da ƙarfi kar ki tsaya, ki yayyafa ruwan zafi ki rufe ya turara kaɗan ki sake tuƙawa har ya yi sulɓi. Can dai an fi sanin amala da gbegiri da ewedu, wato miyar wake da ta lalo a haɗe, amma da efo ma ana ci sosai.

Ummu Ingila:
Ni ina Ingila, alayyahu irin namu sai an je shagon 'yan Afirka ko na Indiyawa kuma ba kullum ba, abin da ke ko'ina shi ne ganyen sifinach na firiza. Zai yi?

Bayarabiyar Kano:
Zai yi, 'yan uwanmu da ke can da shi suke yi. Ki sayi mai ganye-ganye ba wanda aka niƙa ba, ki barshi ya saki da kansa, kar ki zuba masa ruwan zafi dan an riga an yi masa kafin a daskarar. Sai matsa, ki matse shi fiye da yadda kike zato dan ya fi alayyahu ruwa nesa ba kusa ba. Minti biyu ya ishe shi a wuta. In kina so ya yi ɗan ƙarfi a baki ki haɗa da ganyen kel kaɗan, wani dangin kabeji ne, shi sai ki fara zuba shi kafin sifinach ɗin.

Maman Biyu:
Saura abu ɗaya, mu nan wuta ba ta zama, firij sunansa firij kawai. In na yi da yawa ya zan ajiye? Miyar ganye in ta kwana aka ɗumama ai shikenan ta yi baƙi.

Hajiya Babba:
Ki ɗumama da dare ki ɗumama da asuba, kar a sa mata cokalin da aka ci da shi, ba abin da za ta yi.

Anti Agege:
Ba za ta lalace ba Hajiya amma ɗumame biyu ya gama da ganyen, launi ya tafi gardi ya tafi.

Bayarabiyar Kano:
Maman Biyu yadda masu buka da yawa suke yi shi ne mafita, kar ki haɗa duka. Ki soya tattasanki da manja da iru da nama da yawa, wannan soyayyen shi ne mai wahalar kuma shi ba ya tsoron ɗumame, in kin soya shi ya ƙafe sosai mai ya rufe samansa zai kwana biyu lafiya in dai kina ɗumama shi safe da dare. Duk ranar da za a ci sai ki ɗebi wanda zai isa a ƙaramar tukunya, ki sayi alayyahu sabo na ranar, ki gyara ki matse ki zuba, minti biyar kin gama. Kifi banda ma ki bari sai ranar za ki sa dan shi yake fara saurin juyawa. Gishiri da dunƙule kuma kar ki cika su a soyayyen, ɗumame yana ƙara musu ƙarfi, ki bari sai ganye ya shiga kin juya sannan ki ɗanɗana ki daidaita.